William Blake: "Mahaukacin" Landan Da Ya Zama Malamin Marubutan Zamani

A shekarar 1809 wani mai zane kuma marubucin waƙoƙi, William Blake, ya baje kolin zane-zanensa guda 16 a saman benen kantin yayansa da ke titin Broad a birnin Landan. Mutanen da suka leƙa ba su taka kara sun karya ba. Jarida ɗaya tak ce ta yi sharhi a kan bajekolin, wato The Examiner, ita ma abin da mai sharhin nata, Robert Hunt, ya ce shi ne mutumin nan mahaukaci ne abin tausayi, kuma rashin cutar da jama'a ne kawai ya sa ba a ɗaure shi a turu ba. Shekara ɗari da 'yan kai bayan wannan, sai ga manyan marubutan da suka sauya fasalin adabin Turanci, irin su W. B. Yeats da James Joyce da T. S. Eliot, kowannensu ya zauna yana nazarin wannan "mahaukaci", wani na koyi da shi, wani na jayayya da shi. Abin tambaya a nan shi ne, me suka gani a wurinsa da mutanen zamaninsa suka kasa gani? Kuma ta wace hanya rubutun nasa ya kai gare su, alhali ko kabarinsa ba a sa wa alama ba?

Wane ne Blake?

An haife shi ranar 28 ga Nuwamba, 1757, a unguwar Soho. Mahaifinsa mai sayar da safa ne. Bai yi makarantar boko irin ta sauran yara ba, a gida ya koyi karatu, kuma littafin da ya fi shiga jikinsa shi ne Baibul. Yana da shekara 10 aka kai shi makarantar koyon zane, yana da 14 kuma aka danƙa shi ga wani mai suna James Basire domin ya koyi sassaƙa zane a kan allon jan ƙarfe, wanda da shi ake buga hotuna cikin littattafai a wancan lokaci. Shekara bakwai ya yi yana wannan koyo, kuma da wannan sana'a ya ci abinci har ya mutu.

Tun yana yaro ya riƙa cewa yana ganin abubuwan da sauran mutane ba sa gani. An ruwaito cewa wata rana ya dawo gida ya ce ya ga wata bishiya cike da mala'iku a filin Peckham Rye, saura kaɗan uban ya zane shi saboda ƙarya, uwar ce ta shiga tsakani. Bai taɓa janye irin wannan magana ba har tsufansa, kuma ita ce ta jawo masa sunan mahaukaci.

A yau ana lissafa shi cikin mawaƙan da ake kira 'yan Romantik. Kada mai karatu ya ji wannan kalma ya ɗauka waƙoƙin soyayya ake nufi. Suna ne da aka laƙaba wa wasu marubuta na ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19 waɗanda suka fifita abin da zuciya ke ji da abin da idon zuci ke hangowa a kan tsabar lissafin hankali. A Ingila su ne Wordsworth da Coleridge da Byron da Shelley da Keats. To, amma Blake bare ne ko a cikinsu. Su sun yi makarantu, shi ɗan sana'ar hannu ne. Wordsworth na waƙe tafkuna da duwatsun karkara, shi kuwa in ban da shekara uku duk rayuwarsa a cikin hayaƙin Landan ya yi ta. A 1814 wani littafin Byron ya sayar da kwafi 10,000 a ranar da ya fito. Shahararren littafin Blake kuwa, kwafin da ya fitar a duk rayuwarsa ba su kai 30 ba.

Maɗaba'a a cikin ɗaki

Dalilin ƙarancin kwafin shi ne yadda yake yin littattafan. A 1787 ƙaninsa Robert, wanda yake matuƙar ƙauna, ya rasu. Blake ya ce daga baya ƙanin nan ya zo masa ya nuna masa wata sabuwar dabarar ɗab'i. Ko ma dai daga ina ta zo, ga yadda take: zai ɗauki allon jan ƙarfe ya rubuta waƙar da wani ruwa mai kauri wanda asid ba ya ci, ya kewaye ta da zane. Rubutun kuwa a juye yake yin sa, daga dama zuwa hagu, domin ya fito daidai a takarda. Sai ya zuba asid ya cinye sauran fuskar allon, rubutu da zane su tsaya a tudu. Daga nan a shafa tawada, a danna takarda, sannan a bi kowane shafi da launi da hannu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matarsa Catherine, wadda ya aura a 1782, ba ta iya rubutu ba a ranar ɗaurin aurensu, alama kawai ta yi a rajista. Shi ya koya mata karatu da rubutu da aikin ɗab'i, ta zama ita ce mai taya shi bugu da sa launi da ɗinke littafi. Shekara 45 suka yi tare, ba su sami haihuwa ba.

Amfanin wannan wahala a wurinsa shi ne babu edita ko mai maɗaba'ar da zai ce masa cire wannan, gyara wancan. A haka ya fitar da Songs of Innocence, wato waƙoƙin zamanin rashin sanin sharri, a 1789, ya bi su da kishiyarsu Songs of Experience, waƙoƙin wanda duniya ta koya wa hankali, a 1794. A na farko akwai waƙar ɗan rago, a na biyu akwai ta damisa, ana tambayar ko mahaliccinsu ɗaya ne. A dukkansu akwai waƙar yaran da ake turawa cikin bututun hayaƙi su share. Harshensu mai sauƙi ne kamar waƙar reno, amma a ƙarƙashi zargi ne mai zafi ga coci da fada da masu kuɗi. Haka kuma shi ne ya sassaƙa wasu daga cikin hotunan azabtar da bayi a ƙasar Surinam da suka fito a littafin John Stedman a 1796, waɗanda masu yaƙi da cinikin bayi suka yi amfani da su.

Daga baya sai ya shiga rubuta dogayen waƙoƙi masu wuyar fahimta. Ya ƙirƙiro nasa taurarin da babu su a kowace hikaya. Akwai Urizen, tsoho mai farin gemu da ke auna komai yana kafa doka, shi ne hankali idan ya zama azzalumi. Akwai Los, maƙeri, shi ne idon zuci. Akwai Orc, saurayi mai tawaye. Akwai kuma Albion, wani ƙato da ke kwance yana barci, shi ne Ingila, shi ne kuma ɗan Adam baki ɗaya. Mafi girma cikin waɗannan shi ne Jerusalem, mai allo 100, wanda ya ɗauke shi daga 1804 zuwa wajen 1820. Kwafi ɗaya ya yi wa cikakken launi, har ya mutu bai sami mai saye ba. A gabatarwar littafin ya bayyana cewa ya yi watsi da amsa-amo da kari guda, domin a ganinsa takunkumi ne, kowane ɗango zai yi tsawon da maganar cikinsa ke bukata.

Duniya ba ta yi masa da sauƙi ba. A 1803, yana zaune a ƙauyen Felpham, ya fitar da wani soja daga lambunsa da ƙarfi, sojan ya yi masa ƙarar cewa ya zagi sarki. An gurfanar da shi a Janairun 1804, aka wanke shi. Ya rasu ranar 12 ga Agusta, 1827, cikin talauci, yana tsakiyar zana hotunan littafin Dante, mawaƙin Italiya. Waɗanda ke wurin sun ce yana rera waƙa rai ya yi halinsa. Aka binne shi a maƙabartar Bunhill Fields cikin kabarin haɗaka. Da Catherine ta rasu a 1831, takardunsa suka faɗa hannun wani almajirinsa, Frederick Tatham, wanda aka ruwaito ya ƙona da yawa daga cikinsu bayan ya shiga wata ɗariƙar Kirista da ta ɗauke su aikin shaiɗan.

Hannayen da suka tsamo shi

Zakaran da Allah Ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. A 1847 wani saurayi ɗan shekara 18, Dante Gabriel Rossetti, wanda daga baya ya zama shahararren mai zane da waƙa, ya sayi littafin da Blake ke rubuce-rubucensa a ciki a kan sule goma, su ma rance ya karɓa a wurin ƙaninsa. Bayan haka wani matashin lauya, Alexander Gilchrist, ya shiga bin tsofaffin da suka san Blake yana tattara labarinsa. Bai gama ba zazzaɓi ya kashe shi a 1861, yana da shekara 33. Matarsa Anne ce ta ƙarasa aikin da taimakon Rossetti da ƙaninsa, littafin ya fito a 1863. A 1868 mawaƙi Swinburne ya fitar da littafin nazari guda a kansa. Waɗannan sun dawo da sunan Blake, sai dai akasarin masu karatu gajerun waƙoƙin suka runguma. Dogayen nan na su Urizen da Los an ci gaba da yi musu kallon sambatu.

Yeats: almajirin da ya yi mubaya'a

Wanda ya fara ɗaukar sambatun da muhimmanci shi ne William Butler Yeats, mutumin Ailan, wanda aka haifa a 1865. Mahaifinsa ne ya fara karanta masa Blake yana saurayi. A 1889 ya haɗa gwiwa da wani abokin mahaifin nasa, Edwin Ellis, suka yi shekara huɗu suna bin diddigin rubuce-rubucen. A gidan iyalan John Linnell, mai zanen da ya tallafi Blake a ƙarshen rayuwarsa, suka tarar da wata doguwar waƙa da ba a taɓa bugawa ba, wadda yanzu aka sani da The Four Zoas. A 1893 suka fitar da aikinsu cikin juzu'i uku. Aikin na da kurakurai, har da da'awar cewa kakan Blake ɗan Ailan ne, wadda ba ta da tushe. Amma sun tabbatar da abu guda, cewa dogayen waƙoƙin nan suna da tsari, kowane suna da kowace kusurwa na da ma'anar da ba ta sauyawa, kuma wanda ya san mabuɗin zai iya karanta su.

A wata maƙala ta 1897 Yeats ya ce matsalar Blake ita ce yana bukatar hikayoyin da zai ɗora tunaninsa a kai, bai sami na gado da suka ishe shi ba, dole ta sa ya ƙera nasa. Wannan ita ce matsalar Yeats kansa, kuma ita ce ta zama matsalar tsararsa gaba ɗaya. Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya lashe miliyoyin rayuka. An yi tawaye a Dablin a 1916, an yi juyin juya hali a Rasha a 1917. Imanin da Turawa suka yi cewa kimiyya da masana'antu za su kai su tudun mun tsira ya rushe a ramukan yaƙi. Marubutan da suka taso a wannan yanayi, waɗanda ake kira 'yan zamananci, sun ga cewa tsohon salon ba da labari daga farko zuwa ƙarshe cikin natsuwa ba zai iya ɗaukar abin da suka gani ba. Da suka waiwaya, sai ga mutumin da ya riga su shiga wannan hali da shekara ɗari, wanda ya ga juyin juya halin Faransa da farkon injuna, ya kuma ƙi yarda cewa awo da lissafi su ne iyakar gaskiya.

Yeats ya bi sawunsa kai tsaye. A 1925 ya fitar da A Vision, inda ya shimfiɗa nasa tsarin: halayen mutane sun kasu bisa matakai 28 na wata, tarihi kuma yana juyawa ne duk shekara 2,000, kowane zamani na haifar da kishiyarsa. Wannan ra'ayi na cewa sai kishiyoyi biyu sun goga da juna ake samun motsi, daga littafin Blake mai suna Auren Aljanna da Wuta ya samo shi. A kan wannan tsari ya gina waƙarsa The Second Coming, wadda ya rubuta a 1919. Duk wanda ya karanta Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, ya taɓa wannan silsila ko bai sani ba, domin daga wannan waƙa Achebe ya ciro sunan littafinsa. Ya ɗauki hoton rushewar zamani da Yeats ya zana wa Turai, ya juya shi ya nuna yadda zuwan Turawa ya rusa ƙasar Ibo.

Joyce da Eliot

James Joyce, shi ma ɗan Ailan ne, yana koyar da Turanci a birnin Trieste lokacin da ya gabatar da laccoci da harshen Italiya a 1912 a kan marubuta biyu, Daniel Defoe da William Blake. Na farko gwanin bayyana abu ne yadda ido ke ganinsa, na biyu gwanin abin da ke bayan ido. Aikin Joyce gaba ɗaya haɗa waɗannan biyun ne. Blake kan sa sunayen unguwannin Landan na yau da kullum, irin su Lambeth da Paddington, a tsakiyar labarin halitta da tashin duniya. Haka Joyce ya yi a Ulysses na 1922, inda ya ɗauki yini guda a Dablin, 16 ga Yuni, 1904, da yawon wani mai neman tallace-tallace wa jarida, ya ɗora su a kan tsohuwar hikayar Girka. A babi na biyu ma, tauraronsa Stephen na koyar da tarihi a aji, kalmomin Blake na yi masa yawo a ka. A littafinsa na ƙarshe, Finnegans Wake na 1939, akwai ƙaton da ke kwance yana barci a ƙarƙashin birnin Dablin, kamar dai Albion.

T. S. Eliot, Ba'amurken da ya zauna a Ingila, shi bai yi mubaya'a ba. A maƙalar da ya buga a 1920 ya fara da kore zancen hauka. Ya ce abin da ke damun mutane game da Blake wata irin faɗar gaskiya ce mai firgitarwa, kuma rashin shiga makaranta ya tsare shi daga haddace ra'ayoyin da ba nasa ba. Daga nan sai ya juyo da suka. Ya kwatanta falsafar Blake da kujerar da mutum ya harhaɗa a gida da guntayen katako, a yaba wa dabararsa, amma a san ba aikin kafinta ba ne. A ganinsa Dante ya fi shi ne saboda ya gaji ginannen tsarin addini da ilimi, bai ɓata ƙarfinsa wajen ƙera wani ba, sai ya zuba shi duka a waƙa.

Wannan suka tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya gwada karanta Jerusalem ba tare da jagora ba zai ga gaskiyarta. Abin mamaki shi ne abin da Eliot ya yi bayan shekara biyu. The Waste Land, waƙar da ta fi kowace fice a zamananci, harhaɗe-harhaɗe ce ta guntaye daga Dante da Shakespeare da Baibul da littattafan Hindu da hirar mashaya, cikin harsuna da dama, har sai da ya bi ta da bayanai a ƙarshe. Wato shi ma kujerar gida ya haɗa. Kuma taron ma'aikatan da ya nuna suna tsallaka gadar Landan da safe kamar matattu, manazarta da yawa sun ga dangantakarsu da fuskokin wahala da Blake ya bayyana a gajeriyar waƙarsa mai suna London. Eliot ya san taron nan da kyau, domin a banki yake aiki a lokacin. A 1927 ya shiga cocin Ingila, ya sami tsarin gadon da yake nema. Yeats ya ci kyautar Nobel a 1923, Eliot a 1948, kuma har yau marubuta na rabuwa a kan tambayar da ta raba su, ko marubuci ya gina nasa gida, ko ya zauna a na kakanni ya gyara.

Bayan Ingila

Tasirin bai tsaya nan ba. André Gide ya fassara Auren Aljanna da Wuta zuwa Faransanci a farkon shekarun 1920. Jubran Khalil Jubran, ɗan Labanan da ya zauna a Amurka, wanda ya taimaka wajen sassauta wa adabin Larabci ƙa'idojinsa, masoyin Blake ne, kuma shi ma yakan haɗa rubutunsa da zanen hannunsa. A 1925 wani likitan tiyata, Geoffrey Keynes, ya fitar da ingantaccen bugu na rubuce-rubucen Blake cikin juzu'i uku. A 1948 wani ɗalibi a birnin New York, Allen Ginsberg, ya ce ya ji muryar Blake na karanta masa waƙa a ɗakinsa da ke Harlem, kuma dogayen ɗangogin waƙarsa Howl ta 1956 gadon Blake ne da Walt Whitman. A Japan, Kenzaburo Oe, wanda ya ci Nobel a 1994, ya gina wani littafinsa na 1983 a kan waƙoƙin Blake, inda uba ke neman hanyar fahimtar da ɗansa mai naƙasa abin da duniya take.

A taƙaice dai, abubuwa uku 'yan zamananci suka gada daga gare shi. Na farko, 'yancin marubuci ya ƙera nasa alamomin idan na gado sun gaza. Na biyu, 'yancin ɗango ya bi numfashin magana ya bar ƙidayar kari. Na uku, ganin cewa titin birni da talakan da ke tafe a kansa sun isa ɗaukar manyan ma'anoni. Ba sai mai karatu ya yarda da aƙidar Blake ba kafin ya ga haka, Eliot ma bai yarda da ita ba. Kada kuma wani ya ɗauka cewa duk wanda aka ƙi karantawa gwani ne. Blake ya yi shekara bakwai yana koyon sana'arsa kafin ya karya ƙa'idarta, ya kuma yi kusan hamsin yana aiki kullum ba tare da yabo ba.

Darasi na biyu na masu karatu ne. Da Catherine ba ta tsaya a kan injin bugu ba, da Rossetti bai ranci sule goma ba, da Anne Gilchrist ta naɗe takardun mijinta ta jefa a akwati, da babu abin da zai kai hannun Yeats. Abin da Tatham ya ƙona kuwa ya tafi ke nan. Saboda haka duk wanda ke riƙe da rubutun wani marigayi, ko tsohon littafin da ya daina fitowa kasuwa, ya san amana ce a hannunsa.

A 1957 aka kafa gunkin tunawa da Blake a cocin Westminster, inda ya zauna yana zana kaburburan sarakuna lokacin yana yaron Basire. Ainihin wurin da aka binne shi kuwa, sai da wasu masoyansa suka yi shekaru suna bin tsofaffin rajistocin maƙabarta kafin su gano shi. Ranar 12 ga Agusta, 2018, shekara 191 cif bayan rasuwarsa, aka ɗora dutse mai ɗauke da sunansa a kan kabarin.

Allah Ya sa mu amfana da abin da muke karantawa.